Wa ke nuna wa tantabara hanyar gida?

Mai Tantabaru:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, don Allah masu sanin abin su daure su amsa, kada a mai da ita wasa. Shekara 11 ke nan ina kiwon tantabaru. A watan jiya na ba wani ɗan'uwana guda biyu, mace da namiji. Na sa su a kwali na rufe, ƙofofin shan iska kawai na huda, aka jefa kwalin a bayan mota. Tafiyar ta fi kilomita 80, hanyar kuma duk kwane-kwane ce. Na ce masa ya tsare su sati uku kafin ya sake su, bai ji ba, kwana huɗu ya buɗe musu. Washegari da hantsi na fito zuba musu ruwa, sai ga namijin a kan ɗakinsu ya kumbura wuya yana zagaye kamar bai je ko'ina ba. Macen ta iso da la'asar. Ba su ga hanya ba lokacin tafiya, ba su taɓa zuwa wajen ba. Na taɓa karanta wai akwai ƙarfe a bakin tantabara mai aiki kamar kamfas. Da gaske ne?

Autar Zaure:
Wa alaikumus salam. Yaya, ni dai na ce ɗan'uwan naka ya aiko da kwalin, tunda kayan sun dawo da kansu.

Baba Matuƙi:
Ilhama ce, ɗana. Wanda Ya halicce ta Shi Ya sanar da ita. Shamuwa wa ke aika mata da saƙo cewa damina ta kusa?

Malamin Fiziks:
Baba, Allah Ya ƙara girma, babu mai ja da wannan. Sai dai ilhama ba ta hana sababi. Gani ma baiwa ce, amma da ido ake yin sa, kuma likita zai iya nuna maka daidai inda hasken ke sauka. Abin da Mai Tantabaru ke tambaya shi ne: ita wannan baiwar, ina gaɓarta take?

Bari in faro daga ƙasa. In ka nutsa kilomita 2,900 ƙarƙashin ƙafarka, narkakken ƙarfe za ka tarar yana motsi, zafi na tura shi sama, juyawar duniya na murɗa shi. Wannan motsin ne ya mai da duniya ƙaton maganaɗisu. Ƙarfinsa a doron ƙasa ba wani abin a zo a gani ba ne, tsakanin maikirotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 25 zuwa 65 ne, gwargwadon inda kake tsaye. Ɗan maganaɗisun da ake mannawa a ƙofar firji ya ninka shi wajen sau ɗari. Amfaninsa shi ne ba ya faɗuwa kamar rana, hadari ba ya rufe shi kamar taurari, kuma yana nan har ƙasan teku.

Amma a riƙe wannan, don a nan mutane ke cakuɗa magana: abu biyu tantabararka take buƙata. Kamfas zai ce maka ga arewa. Ba zai ce maka gidanku na arewa da kai ko kudu da kai ba. In aka ɗaure maka ido aka sauke ka a dokar daji aka miƙa maka kamfas, ba ka tsira ba tukuna, sai ka san inda aka sauke ka. Sanin alƙibla daban, sanin inda kake daban. Na farkon kamfas, na biyun taswira.

Sai Na Gani:
Malam, da girmamawa, maganaɗisun nan ya zama kamar aljani a wajen masu binciken dabbobi. Duk abin da aka rasa bayaninsa sai a ɗora masa. Tantabara tana da ido, tana ganin rana, tana gane tituna da koguna daga sama. An ma bi su da na'ura a Ingila an ga suna bin babbar hanya har suna karya kwana inda ta karya. Ina maganaɗisu ya shigo?

Likitar Dabbobi:
Maganar bin titi gaskiya ce, ƙanena, amma a yankin da suka riga suka sani ne. Hujjar da kake nema kuwa ba daga tantabara ta fara fitowa ba, daga wani ɗan tsuntsun Turai ne mai jan ƙirji da ake kira robin, wanda nauyinsa bai kai giram 20 ba.

Tsuntsu mai ƙaura, in lokacin tafiya ya yi, ko a keji yake ba ya samun sukuni da dare. Sai ya yi ta tsalle, kuma tsallen ba na banza ba ne, yana fuskantar inda danginsa suka nufa. A 1966 wani Ba'amurke, Stephen Emlen, ya fito da dabarar auna wannan: a naɗe farar takarda kamar mazurari, a sa soso mai tawada a gindinsa, a rufe sama da raga, a jefa tsuntsu ciki. Duk tsallen da ya yi sai ƙafarsa ta bar tambari. Da safe a warware takarda, gefen da ya fi baƙi nan ne zuciyarsa take.

A Frankfurt ta Jamus, tun cikin shekarun 1960, Friedrich Merkel da ɗalibinsa Wolfgang Wiltschko sun riƙa sa robin a rufaffen ɗaki, ba rana ba tauraro, amma ya ci gaba da nufar alƙiblarsa. Sai Wiltschko ya kewaye kejin da manyan naɗe-naɗen waya, ya saki lantarki a ciki, ya karkatar da arewar maganaɗisu zuwa wani ɓangare. Tsuntsayen suka karkata tare da ita. Babu abin da ya canza a ɗakin in ban da wannan. To in ba shi suke ji ba, me suke ji?

Sai Na Gani:
To, Anti, wannan kam hujja ce. Na karɓa a kan robin. Saura tantabara.

Malamin Fiziks:
Kafin a je ga tantabara, akwai abin da ya fi ba ni mamaki a aikin Frankfurt ɗin. A 1972 Wolfgang da matarsa Roswitha Wiltschko suka nuna cewa kamfas ɗin tsuntsu ba irin namu ba ne. Namu allura ce mai kai da gindi, kan na nuna arewa. Shi tsuntsu bai san kai da gindi ba. Da suka juya maganaɗisun gaba ɗaya, arewa ta koma kudu, tsuntsayen ko a jikinsu. Da suka bar arewa a inda take suka canza yadda layukan ke soka ƙasa, sai tsuntsayen suka juya baya.

Bayanin shi ne, layukan maganaɗisun duniya ba a kwance suke ko'ina ba. A tsakiyar duniya, wato layin da ya raba arewacinta da kudancinta, suke kwance daidai da ƙasa. Kana matsawa arewa ko kudu suna ƙara sunkuyawa, har ka kai ƙarshen duniya, ƙuryar arewa ko ta kudu, inda suke tsaye cak. Karkatar nan tsuntsu ke karantawa. A wajensa babu arewa babu kudu, akwai "wajen da layi ya nutse", wato ƙarshen duniya, da "wajen da layi ya ɗago", wato tsakiyarta.

Baba Matuƙi:
Yanzu ka zo inda na sani, Malam. Na yi shekaru a kan ruwa. Akwai wani ƙaramin kamfas na hannu da na saya a arewacin duniya, lafiya lau yake aiki. Da muka gangara kudu sosai sai allurar ta riƙa sunkuyawa gefe ɗaya tana gogar gindin akwatinta, sai ka karkata hannu kafin ta juya. Na ɗauka lalacewa ya yi. Wani babba a jirgin ya ce mini a'a, masu ƙerawa suna ɗora ɗan nauyi a gefe ɗaya na allura daidai da yankin da za a yi aiki da shi. Ashe abin da ya dame ni shi tsuntsu ke tafiya da shi. Ikon Allah.

Autar Zaure:
Malam, to tsuntsun da zai tsallaka tsakiyar duniya fa? In yana bin "wajen da layi ya ɗago", da ya wuce tsakiya ai sai ya juyo da baya ya yi ta kai da kawo a wurin.

Malamin Fiziks:
Allah Ya yi miki albarka, wannan tambayar ɗaliba ce ta ƙwarai. Su Wiltschko sun gwada da wani ɗan tsuntsu mai tsallakawa kudancin Afirka. Suka sa shi na ɗan lokaci a cikin maganaɗisun da ke kwance, irin na tsakiyar duniya, sannan suka mai da shi na da. Sai ya juya lissafinsa, ya koma bin wajen da layi ya nutse. Wato kwanciyar layin ita ce alamar da ke ce masa an kai rabi, a sauya karatu.

Mai Tantabaru:
Na gode ƙwarai, ina ta karantawa ina maimaitawa. Amma har yanzu ba a taɓa maganar ƙarfen bakin ba.

Likitar Dabbobi:
Ƙarfen bakin nan labarinsa ya ɗan yi tsami. An daɗe ana yaɗa shi, har ya shiga littattafai, cewa a saman bakin tantabara akwai jijiyoyi masu ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe. A 2012 wasu masu bincike a Vienna, ƙarƙashin David Keays, suka ce bari su gani da idonsu. Suka yanka bakin tantabaru kusan 200 siriri-siriri suna dubawa. Ƙarfen yana nan, amma ba a jijiya yake ba. A cikin ƙwayoyin garkuwar jiki yake, waɗanda aikinsu haɗiye tsofaffin ƙwayoyin jini ne, jini kuwa dama da ƙarfe a cikinsa. Sun same su har a fata da gindin gashi, kuma yawansu ya bambanta sosai daga wannan tantabara zuwa waccan. Gaɓar ji ba ta zama haka.

Neman gaɓar nan neman allura ne cikin ruwa. Haske sai ya sami ƙofa, shi ya sa ido ke waje. Sauti ma haka. Maganaɗisu kuwa ratsa nama da ƙashi yake yi kamar babu su, don haka mai jin sa zai iya zama ko'ina a jiki, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa.

Sai Na Gani:
Kun gani ko? Abin da aka koyar shekara da shekaru ya zama shara. Shi ya sa nake ja.

Likitar Dabbobi:
Ja da kyau, amma ka bambanta. An rushe "ga inda gaɓar take", ba a rushe "suna ji" ba. Kuma ƙarfe a jikin mai rai ba tatsuniya ba ce. A 1975 Richard Blakemore, yana ɗalibi a lokacin, ya ɗebo taɓo daga gaɓar teku a Massachusetts ya sa a madubin ƙara girma, ya ga wasu bakteriya duk sun taru a gefe ɗaya na ɗigon ruwan. Ya kawo maganaɗisu kusa, suka juya. A cikin kowace akwai jerin ƙwayoyin ƙarfe kamar carbi. Su ba ji suke yi ba ma, su kansu ne allurar, ko sun mutu gawarsu na juyawa. A arewacin duniya bin arewa na kai su ƙasa cikin taɓo, inda iskar oksijin ba ta da yawa, nan suke so. 'Yan'uwansu na kudancin duniya kudu suke bi, saboda wannan dalilin.

Injiniyan Rediyo:
Ina gefe ina sauraro, amma bari in sa baki don an zo kusa da sana'ata. A jami'ar Oldenburg ta Jamus, Henrik Mouritsen ya kafa bukkokin katako don yin irin gwajin mazurarin nan da robin, sai tsuntsaye suka ƙi nuna alƙibla, tsalle ko'ina. Shekara da shekaru abin na ba su ciwon kai. Daga baya suka lulluɓe bukkokin da farantan alminiyam suka haɗa su da ƙasa da waya. Nan take tsuntsaye suka dawo hayyacinsu. A cire wayar ƙasan, su rikice. A mayar, su daidaita. Kuma masu auna takardun ba su san ranar da aka cire ko aka mayar ba. A 2014 suka fitar da sakamakon.

Abin da alminiyam ɗin ke tarewa hayaniyar lantarki ce mai rauni ƙwarai, irin zangon da rediyon AM ke aiki a kai da wadda kayan lantarki ke zubarwa. Ba igiyar wayar salula ba ce, kada a je a ce na ce. A bayan gari kuwa ba su buƙaci alminiyam ba.

Ga abin da nake so a lura: hayaniyar da ke kaɗawa sau dubbai zuwa miliyoyi a daƙiƙa ɗaya, kuma mai rauni haka, ba za ta iya girgiza ƙwayar ƙarfe ba. To me take rikitawa? Malam, bismilla.

Malamin Fiziks:
Injiniya ka jefa ni ruwa. Zan gwada, wanda bai gane ba laifina ne.

Tun 1978 wani masani Bajamushe, Klaus Schulten, ya kawo shawarar cewa kamfas ɗin na sinadari ne, mutane suka share shi. A 2000 shi da abokan aikinsa suka nuna yatsa ga wani furotin da ke cikin ido, sunansa kiriftokurom. In shuɗin haske ya faɗa masa, ilektiron ɗaya, wato 'yar ƙwayar lantarki, kan yi tsalle daga wani sashe na furotin ɗin zuwa wani. Sai a sami ilektiron biyu da aka raba, kowanne kamar ɗan mitsitsin maganaɗisu, kuma yanayinsu a ɗaure yake da juna kamar tagwaye. Na ɗan lokacin da bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, suna ta sauyawa tsakanin hali biyu, ko su dace ko su saɓa. Kusurwar da layin maganaɗisun duniya ya ratsa su ita ke rinjayar wane hali zai fi yawa, halin da ya fi yawa kuma shi ke yanke irin sinadarin da za a ƙare da shi. Tsuntsu ya juya kai, kusurwa ta canza, saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya canza.

Abin da ya sa masana suka karkata ga wannan shi ne ya warware ƙulli uku lokaci ɗaya. Irin wannan tsarin bai san kai da gindin layi ba, kwanciyarsa kawai ya sani, daidai da abin da aka gani a 1972. Yana buƙatar haske, kuma an ga robin na gane hanya a hasken shuɗi da kore amma yana ɓata a ja. Sannan hayaniyar rediyo mai rauni na iya dagula sauyawar ilektiron ɗin, ga amsar Injiniya. An kuma gano wani sashe na ƙwaƙwalwa mai karɓar saƙon ido da dare, wanda in aka lalata shi robin zai iya bin taurari da faɗuwar rana amma ba zai iya bin maganaɗisu ba.

A 2021 mutanen Oldenburg da na Oxford, su Peter Hore, suka haɗa irin kiriftokurom ɗin robin a ɗakin gwaji, suka ga yana amsa maganaɗisu, har ya fi na kaza da na tantabara.

Sai Na Gani:
A cikin kwalba, Malam. Ba a cikin idon tsuntsu mai rai ba. Kuma da maganaɗisun da ya fi na duniya ƙarfi nesa ba kusa ba.

Malamin Fiziks:
Haka ne, ban musa ba. Shi ya sa na ce sun karkata, ban ce sun kama ba.

Mai Tantabaru:
Wato na robin ya fi na tantabarata? Ban ji daɗin wannan ba fa.

Autar Zaure:
Yaya, ka yi haƙuri, an haɗa ta aji ɗaya da kaza.

Likitar Dabbobi:
Mu koma ga taswira, don ita ce ainihin tambayar mai tambaya, kuma an bar ta a baya. Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa na 1950 wani masani a Holan, Perdeck, ya kama tsuntsayen sitalin sama da 11,000 suna tsakiyar ƙaura, ya sa musu zobe, ya kai su Suwizalan ya sake. Manyan da suka taɓa yin tafiyar suka gyara hanya suka nufi inda suka saba, arewacin Faransa da kudancin Ingila. 'Yan shekarar farko kuwa suka miƙe a kan alƙiblar da aka haife su da ita, suka ƙare a kudancin Faransa da Sifen. Yaro yana da kamfas, babba yana da kamfas da taswira.

Maganaɗisu na iya zama taswira saboda ƙarfinsa da karkatarsa suna canzawa daga wuri zuwa wuri, kusan kowane yanki da nasa tambarin. Mafi kyawun shaida daga kunkurun teku ta zo. 'Ya'yansu na fashewa daga ƙwai a yashin Florida, kowanne bai cika tafin hannu ba, ba uwa ba uba, su faɗa teku su shiga wata igiyar ruwa mai zagaye Tekun Atilantika ta arewa, su yi shekaru a cikinta. Wanda ya kauce arewa sanyi ya kashe shi. Kenneth da Catherine Lohmann, a jami'ar North Carolina, suka ɗinka wa jariran 'yar riga, suka ɗaura ta da zare a tsakiyar baho, suka kewaye bahon da waya. Da aka ba su maganaɗisu irin na gefen Fotugal sai suka yi iyo kudu. Da aka ba su na kudancin zagayen sai suka nufi yamma maso arewa. Kowane wuri, alƙiblar da za ta riƙe su cikin igiyar. Waɗannan ba su taɓa ganin teku ba.

A 2025 mutanen wannan ɗakin gwajin suka ƙara wani abu. Suka riƙa ciyar da ƙananan kunkuru a cikin maganaɗisun wani wuri na musamman har wata biyu. Daga baya, da an kunna wannan maganaɗisun, ko babu abinci, sai kunkuru ya ɗago kai, ya buɗe baki, ya riƙa dukan ruwa yana juyi. Sun koyi tambarin wurin ke nan. Da aka saka hayaniyar rediyo, kamfas ɗinsu ya rikice amma rawar ba ta tsaya ba. Alama ce cewa gaɓa biyu ce, ta kamfas daban, ta taswira daban.

Baba Matuƙi:
'Yata, wannan na kunkuru ya sa na ajiye waya na yi shiru. Mu da taswira da kamfas da na'urori muna ɓata.

Amma ina da tambaya. Arewar kamfas ba a wuri ɗaya take ba. A zamaninmu duk taswirar ruwa da rubutu a jikinta cewa a ƙara kaza ko a rage kaza kowace shekara. Su dabbobin wa ke gyara musu?

Malamin Fiziks:
Gaskiya ne, Baba. Arewar maganaɗisu tana arewacin Kanada lokacin da James Clark Ross ya isa wurin a 1831, yanzu ta tsallaka tana nufar Saiberiya, akwai shekarun da ta yi fiye da kilomita 50 a shekara. Kuma an ga sawun wannan a jikin kifi. Kifin salmon na kogin Fraser a Kanada, in zai dawo daga teku don yin ƙwai, tsibirin Vancouver na tare masa gaba, dole ya zagaya ta arewa ko ta kudu. Nathan Putman da abokansa suka duba bayanan masunta na shekara 56, suka ga kifin ya fi bin mashigar da maganaɗisunta a wannan shekarar ya fi kama da na bakin kogin a shekarar da suka fita suna ƙanana. Kusa da gida kuma sai hanci ya karɓi aiki, ƙanshin ruwan da aka haife shi a ciki yake bi.

Tsuntsaye kuwa suna saita nasu. A Amurka an kama wasu masu tafiyar dare, aka sa su cikin karkataccen maganaɗisu daidai faɗuwar rana, aka sake su da 'yar na'ura a baya ana bin su da mota. Daren farko suka yi yamma maimakon arewa. Dare na biyu, da suka ga faɗuwar rana ba tare da an yi musu wayo ba, suka koma hanya.

Autar Zaure:
Na ji wai wata rana arewa za ta koma kudu. Ranar ai sun shiga uku.

Malamin Fiziks:
Ta sha faruwa, ta ƙarshe wajen shekara 780,000 da suka wuce, kuma ba a dare ɗaya take juyawa ba, dubban shekaru take ɗauka. Ki tuna kuma tsuntsu bai san kai da gindi ba. Bayan an gama juyawar, layi na nan yana nutsewa wajen ƙarshen duniya kamar da.

Sai Na Gani:
Tunda an kawo masu daɗi, bari in kawo marasa daɗi. A 2008 aka ce an duba hotunan Google Earth na shanu sama da 8,000 an ga suna tsayuwa arewa da kudu. Wasu suka sake dubawa ba su ga haka ba. Aka ce karnuka na fuskantar arewa ko kudu in za su yi kashi, har aka ba masu binciken kyautar barkwanci. A 1980 Robin Baker a Manchester ya ɗaure wa ɗalibai ido ya zagaya da su a bas ya ce suna nuna gida, aka maimaita a Amurka abin ya ƙi. Ƙudan 'ya'yan itace da aka yi shekaru ana kafa hujja da shi, a 2023 aka gwada sama da 90,000 ba a ga komai ba, kuma su Mouritsen da Hore ɗin da kuke ambata ne suka yi gwajin. Wannan fage ne da ake yawan ganin abin da ake so a gani.

Likitar Dabbobi:
Ban ƙi ko ɗaya ba. Ni ma shanu da karnukan nan ban taɓa sa su a lissafi ba. Amma ka lura da wanda ya rushe na ƙudan: masu gidan ne da kansu. Robin da kunkuru kuwa an maimaita su a wurare daban-daban, hannu daban-daban, sun tsaya.

Mai Tantabaru:
To jama'a, tantabarata dai. A taƙaice me ya dawo da ita?

Likitar Dabbobi:
Ita ce ta fi kowa wahalar sha'ani, don ba ta dogara da abu ɗaya. In da rana, rana ce kamfas ɗinta, tana haɗa ta da agogon jikinta. An tabbatar da haka ta hanyar tsare su a ɗakin da aka gusar da dare da rana da awa shida, da aka sake su suka kauce da kusan kwata na da'ira. A 1971 William Keeton na jami'ar Cornell ya manna wa wasu maganaɗisu a baya, wasu kuma tagulla mai nauyi ɗaya. Ranar da rana ta fito, manyan duk suka tafi lafiya. Ranar da gajimare ya rufe, masu maganaɗisu suka rikice. Kafin Sai Na Gani ya faɗa, gwaje-gwajen da Keeton ya sake daga baya ba su fito fes kamar na farkon ba.

Taswirarta kuwa, tun shekarun 1970 Floriano Papi da mutanensa a Pisa ta Italiya suka nuna cewa tantabarar da aka kashe wa jin ƙanshi ba ta gane gida daga baƙon wuri. Tana zaune a ɗakinta tana koyon wace iska ke kawo wane ƙanshi daga wane gefe. Ƙofofin da ka huda a kwalin nan, mai yiwuwa ta nan ta karanta hanyar.

Mai Tantabaru:
Kai! Ni da hannuna ke nan na ba ta. To zan gwada na Keeton. Ina da ƙananan maganaɗisu na cikin matattun abin sauraro na kunne.

Likitar Dabbobi:
In za ka yi, ya zama mara nauyi sosai, a kan gashin baya, ba a fata ba, ka cire da sun dawo. Rabi maganaɗisu, rabi tagulla. Ka sake su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba bin juna za su yi. Ka rubuta gefen da kowace ta ɓace wa ganinka.

Sai Na Gani:
Kuma mai rubutawa kada ya san wacce ke ɗauke da me. Ka ba wani ya manna.

Mai Tantabaru:
Jama'a, na dawo da rahoto. Na jira kwana tara kafin na sami safiya mai gajimare. Takwas na ɗauka, ƙanena ya manna, ni na riƙe takarda, muka yi nisan kilomita 30. Na saki ta farko da ta biyu sama a rufe. Ina buɗe kwali in ɗauko ta uku gajimaren ya yage, rana ta fito tarwai. Na tsaya jira, tsuntsaye na haki a kwali, dole na sake sauran. Bakwai sun riga ni isa gida. Na takwas, namiji, mai tagulla ne ma, sai bayan kwana biyu ya dawo, kuma ba shi kaɗai ba, da wata baƙuwar mace mai zobe a ƙafa. Anti, wannan a wane gefen takardar zan rubuta shi?